Makarantar Mahavihara: Wutar da Ta Zaga Ƙasashe Ta Komo Gida

Dattawan Vom da na ƙauyukan da ke kewaye da ita ba su manta da zamanin da ashana take da wuyar samu ba. Idan wutar murhu ta mutu cikin dare, da sassafe sai uwa ta miƙa wa yaro tsingaro, ta aike shi gidan maƙwabta ya ɗebo garwashi, yana tafe yana kare shi da tafin hannu saboda iskar hunturu. Sau da yawa wutar da yaron ya ɗebo, a gidansu maƙwabtan suka ɗebe ta jiya. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai sha wuyar gane tarihin da ke cikin wannan darasi ba.

Darasin ya shafi wata tsohuwar makaranta ce ta sufayen addinin Buddha, mai suna Mahavihara, wato Babban Gidan Sufaye. An kafa ta a birnin Anuradhapura da ke tsibirin Siri Lanka, kudu da Indiya, tsibirin da girmansa ya ɗan fi ninki biyu na Jihar Filato. An aza harsashinta wajen shekara ta 250 kafin haihuwar Almasihu, zamanin da mutanen Nok suke gina mutum-mutumin yumɓu irin waɗanda 'yan makaranta ke zuwa kallo a gidan tarihi na Jos. Daga cikinta ne tafarkin da ake kira Theravada, ma'ana koyarwar dattawa, ya sami siffar da yake da ita a yau. Shi ne addinin mafi yawan mutanen Siri Lanka, da Bama, da Tailan, da Kambodiya, da Lawos, mutane fiye da miliyan 100.

Dokar mutum goma

An haifi Siddhartha Gotama a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, a gidan sarauta. Ya bar gida yana ɗan shekara 29, ya yi shekara 6 yana neman amsar tambayar da ta dame shi game da tsufa da ciwo da mutuwa, daga nan aka soma kiransa Buddha, wato wanda ya farka. Ya yi shekara 45 yana koyarwa a arewacin Indiya, ya mutu yana da shekara 80. Yawancin masana na yau suna sa mutuwarsa wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Almasihu. Ya koyar cewa rayuwa a ɗaure take da wahala, tushen wahala kuwa kwaɗayi ne, idan kwaɗayi ya mutu wahala ta ƙare, hanyar kashe shi kuma ita ce horar da hali da tunani. Bai koyar da Allah Mahalicci ba, bai kuma ce shi mai ceton kowa ba ne. A wurinsa kowane mutum da ƙafarsa zai yi tafiyar. Mai karatu Kirista zai ga tazarar da ke tsakanin wannan da abin da ya sani, ba sai an nuna masa ba.

Buddha bai rubuta littafi ba, bai kuma naɗa magaji ba. Abin da ya bari shi ne jama'ar sufaye, maza da mata waɗanda suka bar aure da dukiya, suka aske kai, suna bin gida-gida da ƙoƙon bara kowace safiya. A tafarkin Theravada sufi namiji yana ƙarƙashin dokoki 227, mace kuma 311. Ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka, ba ya karɓar zinariya ko azurfa, da damina kuma yakan zauna wuri ɗaya wata 3. Kowane mako biyu sufaye sukan taru a karanta dokokin duka da ka, a tambayi kowa ko ya karya wata.

Akwai doka ɗaya da dukan wannan tarihi ya rataya a kanta. Ba wanda yake mai da kansa sufi. Sai cikakkun sufaye 10 sun taru cikin wata iyaka da aka shata aka keɓe, sa'an nan su naɗa shi. A ƙasashe na nesa inda sufaye suka yi ƙaranci, an yarda 5 su isa. Dole wanda za a naɗa ya cika shekara 20, malamin da zai tsaya masa kuma ya yi aƙalla shekara 10 da nasa naɗin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka idan yaƙi ko yunwa ko lalacewar hali ta sa aka rasa sahihan sufaye 5 a ƙasa, wutar ta mutu ke nan, ko da gine-gine suna tsaye, littattafai kuma suna jibge a ɗaki.

Wajen shekara 100 bayan mutuwar Buddha aka yi taro a Vesali a kan waɗansu abubuwa 10 da wasu sufaye suka halatta wa kansu, daga ajiye gishiri cikin ƙaho har zuwa karɓar kuɗi. Daga baya jama'ar ta rabu, har tarihi ya ƙidaya ɗariku 18. Sauran sun shuɗe. Theravada ce kaɗai ta kawo yau da dukan littattafanta cikin harshen Pali, harshen da ya fito daga tsohuwar Indiya.

Baƙo a kan dutse

Sarki Ashoka ya mallaki kusan dukan Indiya daga wajen 268 zuwa 232 kafin haihuwar Almasihu. Bayan yaƙinsa da ƙasar Kalinga ya sa aka sassaƙa a jikin dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma abin ya dame shi. Ba kasafai sarki yake rubuta nadamarsa inda jikoki za su karanta ba. Ya rungumi koyarwar Buddha, ya aika manzanni ƙasashe, rubutunsa kuma ya ambaci Tambapanni, wanda shi ne tsohon sunan Siri Lanka.

Littafin tarihin tsibirin, Mahavamsa, ya ce jagoran waɗanda suka zo ɗan Ashoka ne, sufi mai suna Mahinda, ko da yake rubutun Ashoka na kan duwatsu bai ambace shi ba. Labarin ya ce sarkin tsibirin, Devanampiya Tissa, ya fita farauta ya bi barewa har kan dutsen Mihintale, sai ya ji an kira shi da sunansa tsirara, ba sarauta. Kafin baƙon ya yi masa wa'azi, sai da ya gwada kaifin hankalinsa da kacici-kacici a kan wani itacen mangwaro da ke wurin. Ya tambaye shi ko akwai waɗansu mangwarori ban da wannan, ya ce akwai. Ko akwai itatuwan da ba mangwaro ba? Akwai. To, in an cire sauran mangwarori, an cire itatuwan da ba mangwaro ba, saura me? Sarki ya ce saura wannan da suke tsaye a gindinsa. Iyaye za su iya gwada yara da ita bayan cin tuwo.

Sarki ya ba su lambunsa na Mahamegha, a nan aka gina Mahavihara. Da matan fada suka nemi a naɗa su, Mahinda ya ce doka ba ta ba shi iko ba sai da sufaye mata, aka aika aka zo da 'yar'uwarsa Sanghamitta. Ta zo da reshen itacen da aka ce Buddha ya sami wayewa a ƙarƙashinsa, wani itace dangin cediya, aka dasa. Yana nan da rai a Anuradhapura har yau.

Akwai wata magana da tsofaffin littattafan makarantar suka adana, wadda ta fi labarin barewa nauyi. Bayan gine-gine sun tashi, sarki ya tambayi Mahinda ko addinin ya kafu a ƙasarsa. Mahinda ya amsa cewa ya kafu, amma saiwarsa ba ta nutse ba tukuna. Ba za ta nutse ba sai ran da ɗan ƙasa, wanda iyayensa 'yan ƙasa ne, ya zama sufi a cikin ƙasar, ya koyi dokokin a cikin ƙasar, ya kuma zauna ya koyar da su. Aka sami Arittha, ɗan 'yar'uwar sarki, ya hau kujerar koyarwa, baƙin da suka kawo saƙon suna zaune suna sauraro.

Yunwa ta haifi littafi

Har kusan shekara 150 bayan wannan, duk koyarwar a ka take. An raba ta kashi-kashi, kowane rukunin sufaye da nasa rabon hadda, malami yana biya wa almajiri kamar yadda aka biya masa. A ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Almasihu sai masifa ta auko. Sarki Vattagamani Abhaya bai fi wata 5 a kan gado ba aka yi masa tawaye, mayaƙa daga kudancin Indiya kuma suka ci birnin, ya yi shekara 14 yana ɓuya. A cikin wannan rikici aka yi yunwar da aka ce ta kai shekara 12. Mai bara ba ya ƙoshi a garin da masu gida suke kwana da yunwa. Sufaye da yawa suka mutu, waɗansu suka haye teku zuwa Indiya, waɗanda suka rage suna cin saiwa da ganye. An ba da labarin waɗansu 60 da suka ƙi tafiya. Idan ƙarfin zama ya ƙare musu sai su kwanta, su haɗa kawunansu wuri ɗaya, su ci gaba da tilawa don kada wani sashe ya zube.

Har ta kai akwai littafi guda, Mahaniddesa, wanda mutum ɗaya tak ya rage da haddarsa, shi kuwa kowa ya san ba shi da halin kirki. Sai da aka lallashi wani sufi mai tsantseni ya danne ƙyamarsa, ya je ya zauna a gabansa ya ɗauke littafin.

Da ƙura ta lafa, dattawan suka ga cewa ƙwaƙwalwar ɗan adam rumbu ce mai ƙafa, tana iya mutuwa a hanya da hatsin duka. Suka taru a kogon Aluvihara kusa da Matale, an ce su 500 ne, suka rubuta littattafan a kan ganyen wani itace dangin giginya, suna zana baƙaƙe da tsinken ƙarfe, suna shafa baƙin gawayi ya shiga cikin zanen. Tarin shi ne Tipitaka, wato Kwanduna Uku: na dokoki, na jawaban Buddha, da na zurfafan bayanai.

A lokacin ne kuma aka yi wata muhawara da ta sa makarantar a kan hanyar da ta bi daga baya. Tambayar ita ce, mene ne tushen addini, karatu ko aikatawa? Sufaye masu sa tsummoki, masu tsananta wa kansu, suka ce aikatawa. Masu wa'azi suka ce karatu, gama in littafi yana nan, ko an yi sakaci wani zai tashi ya aikata, amma in ya ɓace ba mai sanin abin da zai aikata. Masu wa'azi suka yi rinjaye. Mutanen da suka ga littafi ya rataya a bakin mutum ɗaya ba za a zarge su da wannan hukunci ba, sai dai ya buɗe ƙofa ga irin malamin da ya san dokoki 227 da ka, bai damu da kiyaye ko ɗaya ba.

Kishiya a ƙofar arewa

Da Vattagamani ya komo kan gadonsa, ya gina wani gidan sufaye a arewacin birnin, Abhayagiri, ya ba wani sufi mai suna Mahatissa da ya taimake shi a kwanakin gudu. Mutanen Mahavihara suka kori Mahatissa bisa zargin yawan cuɗanya da gidajen mutanen gari, almajirinsa ya yi fushi ya kwashi jama'a suka koma sabon gidan. Abhayagiri ta zama mai buɗaɗɗiyar ƙofa ga sababbin koyarwa daga Indiya, Mahavihara kuwa ta tsaya a kan cewa ba ƙari ba ragi.

Gabar ta kai ƙarshenta a zamanin Sarki Mahasena, wajen ƙarshen ƙarni na 3 bayan haihuwar Almasihu. Ya hana kowa ba sufayen Mahavihara abinci, ya sa tara a kan wanda ya ba su. Ba a bukatar takobi a kan mai bara, hana shi sadaka ya isa. Suka bar birnin, gidan ya zauna kango shekara 9, aka rushe gine-ginensa aka kwashe kayan zuwa Abhayagiri, aka shuka wake a filin. Sai da wani babban bafaden sarki ya ɗaura yaƙi kafin sarki ya janye. Ko bayan sun komo ba su ne masu rinjaye ba: matafiyin nan na ƙasar Sin, Faxian, wanda ya zauna a tsibirin wajen shekara ta 410, ya ƙidaya sufaye 5,000 a Abhayagiri, 3,000 a Mahavihara. Sai dai mai karatu ya sani cewa kusan duk labarin wannan rigima daga alƙalamin mutanen Mahavihara ya fito. Littattafan Abhayagiri sun ɓace, ba a ji ta bakinta ba.

Abin da ya ɗaga ƙaramar makarantar bisa babbar aikin wani baƙo ne. A ƙarni na 5 wani malami daga Indiya, Buddhaghosa, ya zo Mahavihara ya tarar da sharhin littattafan jibge cikin harshen Sinhala, wanda ba mai jinsa sai 'yan tsibirin. Ya fara rubuta Visuddhimagga, wato Hanyar Tsarkakewa, littafin da ya tattara koyarwar makarantar wuri ɗaya, sa'an nan ya juya sharhin zuwa Pali domin sufayen waɗansu ƙasashe. Daga ranar, sufi a Bama ko Tailan yana iya karanta abin da dattawan Anuradhapura suka koyar ba tare da tafinta ba. Ribar tana da yawa, amma an biya kuɗinta. Da aka sami na Pali sai aka daina kwafe na Sinhala, har suka ɓace ƙaƙaf, manomin da ke ciyar da sufaye kuwa ya koma jin karatun addininsa cikin harshen da uwarsa ba ta yi masa magana da shi ba.

Ɗiban wuta

A shekara ta 993 rundunar Chola daga kudancin Indiya ta ci Anuradhapura, birnin bai sake zama gidan sarauta ba. Da Sarki Vijayabahu na Ɗaya ya kore su a 1070, ya nemi cikakkun sufayen da za su yi naɗi, ba su cika ba. Ya aika wurin Anawrahta, sarkin Bama, aka turo masa sufaye suka sake kunna wutar. Wajen 1165 Sarki Parakramabahu na Ɗaya ya haɗa dukan ɗarikun tsibirin a ƙarƙashin dokar Mahavihara, ya tuɓe waɗanda suka ƙi. Makarantar ta ci nasara a lokacin da ginin da ya ba ta suna ya riga ya fara komawa daji.

Daga nan sai ƙasashe suka riƙa zuwa ɗiba. Wani saurayi daga Bama mai suna Chapata ya yi shekara 10 yana karatu a tsibirin, ya koma birnin Pagan wajen 1190 tare da sufaye 4. Lissafin a fili yake: da shi sun cika 5, ba su bukatar kowa kafin su yi naɗi. Masarautun Sukhothai da Chiang Mai na ƙasar Tailan suka karɓi silsilar Lanka. A 1476 Sarki Dhammazedi na Pegu ya tura manyan sufaye 22 aka sake naɗa su a kan kogin Kelani, suka komo aka sake naɗa sufayen ƙasarsa ta hannunsu.

Sai kuma wutar ta sake mutuwa a gidan da aka ɗebe ta. Turawan Fotugal sun iso tsibirin a farkon ƙarni na 16, aka shiga yaƙe-yaƙe da rushe-rushe. Sau biyu ana kawo sufaye daga Arakan, abin bai ɗore ba. Wajen 1730 babu sauran sahihin naɗi. Gidajen sufaye suna hannun waɗansu mutane masu sa tufafin sufaye, suna cin gonakin gidan, wasunsu da mata da 'ya'ya. Wani mai neman ilimi, Welivita Saranankara, ya ƙi wannan hali. Ya bi gari-gari yana koyon Pali wurin duk wanda ya san ko kaɗan, ya koma bara da ƙoƙo kamar na farko, ya tara almajirai, amma shi kansa bai wuce matsayin ɗan koyo ba, gama babu mutum 5 da za su naɗa shi. Ya yi ta roƙon sarakunan Kandy har aka aika Siyam, wato Tailan, cikin jirgin 'yan kasuwar Holan. Sarki Borommakot ya turo wani dattijo mai suna Upali da jama'arsa, aka yi naɗi a Kandy a 1753. Saranankara yana da shekara 55 a ranar. Bayan shekara 14 kacal rundunar Bama ta ƙone Ayutthaya, birnin da wutar ta fito.

Ba a daɗe ba sabuwar ɗarikar ta Siyam ta taƙaita naɗi ga dangin Govigama, masu gonaki, alhali Buddha ya karɓi wanzami da mai shara cikin jama'arsa. Waɗanda aka rufe wa ƙofa ba su tsaya jayayya ba. Mutanen Salagama, masu sana'ar ɓare kirfa a bakin teku, suka tara kuɗi suka tura nasu Amarapura ta ƙasar Bama a 1799, suka komo da naɗinsu a 1803.

Mata ba su yi wannan sa'a ba. Silsilar da Sanghamitta ta kawo ta yanke bayan faɗuwar Anuradhapura, ba kuwa wata ƙasar Theravada da ke da sufaye mata da za a ɗebo daga wurinta. Sai dai tun a shekara ta 429 da 433 waɗansu sufaye mata na tsibirin sun shiga jirgi zuwa ƙasar Sin, suka naɗa mata fiye da 300 a Nanjing, wannan silsila kuwa ta rayu a Sin da Koriya da Taiwan. A 1996 aka naɗa matan Siri Lanka 10 a Sarnath ta ƙasar Indiya ta hannun sufayen Koriya. Waɗansu manyan sufaye sun karɓa, waɗansu sun ce wutar da ta kwana shekara 1,500 a murhun wata ɗarika ba tasu ba ce kuma.

Garwashin ya taɓa Afirka ma. 'Yan Siri Lanka da suka zo aiki Dar es Salaam a farkon ƙarni na 20 sun gina wurin ibadarsu a can. Wani ɗan Yuganda, wanda aka haifa a 1966 a gidan 'yan Katolika, ya je karatu Indiya, ya sadu da sufaye, daga baya wani dattijo ɗan Bama, U Silananda, ya naɗa shi a Amurka a 2002, aka sa masa suna Buddharakkhita. A 2005 ya koma gida ya kafa cibiya kusa da Entebbe, a bakin tafkin Biktoriya. Ya ba da labari cewa da ya fara fita da ƙoƙonsa, waɗansu sun ɗauka ganga ce, waɗansu kuma suka ce kayan boka ne. Cikin mutanen farko da suka bi shi har da mahaifiyarsa.